Tiyon Ruwan Rake

Tsumman ya leƙo ta ɗaya bakin tiyon, na kama shi na ja, sai na ji yatsuna suna santsi. Ruwan rake danƙo yake yi a hannu, ba santsi ba. Na kai hanci. Man gas. Na sake shinshinawa don kada in ɗauki alhakin kowa, har harshe na sa. Man gas ne dai, irin wanda ake zuba wa manyan injuna.

Malam, mijina, yana tsugune bakin murhu yana tura tukar rake cikin wuta. Na ce, "Malam, ina tiyon nan ya je da ba na nan?"

Bai juyo ba. Ya ce ina kuwa zai je, ƙafa gare shi? Na ce ya zo ya shinshina. Ya ce mura yake yi. Na san mutumin nan tun ina da haƙorana duka. In ya kama gyaran wutar da take ci lafiya lau, to akwai abin da ba ya so ya faɗa. Na tsaya a kansa da tsumman a hannu har ya gaji ya ce Alhaji ne ya ɗauka.

Alhaji shi ne uban matar babban ɗanmu. Banufe ne, mutumin Bida, gidansa a Fadikpe, gonarsa ta shinkafa tana jikin tamu ta rake a fadamar da ke ƙasan dam ɗin Tagwai. Mu kuwa Katsinawa ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo kakanninmu Minna suka zauna a Limawa. Tsakanin Bakatsine da Banufe wasa ne, tun kafin a haife mu. Ya kira ka bawansa, ka kira shi bawanka. Ya cire maka hula a tsakiyar kasuwa, ya ci tuwonka yana kushe miyar, ba ka da ikon ɓata rai. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Alhaji kuwa ya riƙe wasan nan hannu bibbiyu. Tunda aka ɗaura auren yaran bai taɓa kirana da komai ba sai baiwar gidanmu.

Na tafi Kontagora ne gaisuwar rasuwa, na yi 'yan kwanaki. A bayana motar da ta kawo wa Alhaji duron man gas ta kasa gangarawa gonarsa, ta tsaya a kan hanya. Ya ɗaga kai ya ga tiyona rataye a bishiyar mangwaro, ya sa direban ya sauko da shi. Malam ya ce ya buɗe baki zai yi magana, sai Alhaji ya ce tun yaushe bawa yake da kaya? Aka yi dariya, shi ma ya yi. Suka zuƙe man tas daga kan hanya har tankin injin ban-ruwa, da yamma aka dawo da tiyon aka rataye inda aka ɗauka. Malam ya ɗauraye shi a rafi. Washegari ya matse rake, ruwan ya bi ta ciki, ya dafa, ya aika kasuwa.

Na ce, "Da ka ce a'a, yanka ka zai yi?"

Ya ce surukinsa ne, abokin wasansa ne kuma, ta wace ƙofa a'a za ta fito.

Mazarƙwaila muke yi. Ita muka ci, da ita muka aurar da yara. Injin matsa yana kan tudu, don ruwa yana cin fadamar da damina. Murhun da kaskon suna can ƙasa gindin mangwaro, kusa da rafi, murhun ƙasa ne da muke sake ginawa duk shekara. Da can da bokiti ake sauke ruwan raken daga tudu zuwa kasko, lokacin yara suna gabanmu, ni ma bayana yana nan. Yara suka watse, bayana ya ƙare. Babban ɗan, lokacin yana aiki a Kaduna wurin masu yin lemon kwalba, shi ya zo mana da tiyon nan. Fari ne mai kauri, gaɓa-gaɓa ake haɗa shi, kana tsaye kana ganin ruwan rake yana gudu a ciki. Ranar da aka fara sa shi Malam sai da ya bi ruwan da ƙafa daga sama har ƙasa kamar mai raka baƙo.

Wankinsa nawa ne, ban taɓa bar wa kowa ba. Ruwan rake ba ya jira. In ɗan kaɗan ya kwana a cikin roba, da safe ya yi tsami, kuma duk sabon da ya biyo ta kansa sai ya ɗauka. Ruwa mai tsami ko ka ƙarar da itacen Minna a ƙarƙashinsa ba ya daskarewa, sai ya tsaya ruwa-ruwa kamar zuma, ba mai saye. Don haka kullum in an kashe inji sai in kwance mahaɗan, in ɗura ruwan zafi ta sama har ya fito fari ta ƙasa. Sannan in zura doguwar waya, in ɗaura tsumma a bakinta in ja. Baƙin yauƙi yake fitowa, ya fi taruwa inda tiyon ya lanƙwasa ya bi gefen dutse. In sake da wani tsumman. In rataye a reshe, bakunan suna kallon ƙasa, ruwa ya tsane. In ya bushe in toshe kowane baki da totuwar masara, don zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki, ga tururuwa. Inda ɓera ya ɗan taɓa in naɗe da tsohuwar robar taya. Shekara da shekaru ina wannan, ba wanda ya taɓa dawo mana da mazarƙwaila.

Ba tiyon kaɗai nake ji ba a ranar. Masu yanka filaye sun riga sun cinye rabin fadamar. Duk hanyar da keke yake bi da mu daga Limawa alluna ne a kafe, fili na sayarwa, fili na sayarwa. Tunda na koyi karatu a ajin manya nake karanta su ɗaya bayan ɗaya, na gwammace lokacin da nake ganinsu zane kawai. Babban ɗan ya daɗe yana matsa wa ubansa a sayar a huta. Yana da iyali, aikin Kaduna ya ƙare, ban ga laifinsa sosai ba. A gabana Malam ya ce masa muddin kaskonsa yana tafasa ba zai sayar ba. Ɗan ya ce to ranar da ya daina tafasa fa? Malam ya ce ranar ka zo da mai sayenka. Malam ba ya magana biyu. Na kuma ga sa'o'insa da suka ajiye aiki. Benci suke samu a ƙofar gida, su zauna suna kallon keke yana wucewa, kafin shekara ta zagayo an yi musu salla.

A ranar da na gano man, ban gama wanke hannu ba sai ga matar da take kwashe mana kaya tana kai wa kasuwa. Da keke ta zo har bakin tudu, daron mazarƙwailarmu a cinya, a rufe da buhu. Ta sauko ta dire shi gabana, ko gaisuwar mutuwa ba ta fara yi mini ba.

Ta ce, "Hajiya, wannan ta mutane ce ko ta janareta?"

Na gutsura na sa a baki. Zaƙin yana nan, amma yana wucewa sai man ya taso ya riƙe maƙogwaro. Ta ce mai alewa ta dawo da tata tana zage-zage, wata ta dama kunu da ita yaranta suka yi ta amai. Yanzu duk wanda ya tsaya gaban tirenta sai ya tambaya ta wace gona ce. Ta ce saboda daɗewar da muka yi tare za ta jira dahuwa ta gaba. In ta fito lafiya za ta ɗauka ta ce ta wani wuri ce har mutane su manta. In ba haka ba, akwai masu kawowa daga Wuya. Sai a lokacin ta ce ya haƙuri, Allah ya jiƙan wadda ta rasu.

Na shiga wanki. Ruwan zafi da sabulun gari, har hannuna ya yi fari ya yamutse. Na jiƙa toka na ɗura. Na matse lemun tsami cikin ƙwarya na ɗura. Kanwa, ruwan tsamiya, garin gawayi, duk wanda wata ta ce a gwada na gwada. Na ɗaure shi da dutse na nutsa shi a rafi ya kwana ruwa yana bi ta ciki. Na shanya shi a rana har ya yi laushi kamar hanji. Duk bayan wanki sai in zuba ruwan sha ta sama, in gangara in tara a kofi in kurɓa. Wani lokaci in ce ya fita. In miƙa wa Malam, ya kurɓa ya ce ya fita, don shi so yake ya fita. In ajiye kofin in dawo anjima, sai in ga ɗan shuɗin nan yana yawo a saman ruwan. Man ba a bangon tiyon yake ba, cikin naman robar ya shiga. Tsumma ba ya kai wa nan.

Na zaga kasuwa neman wani. Koren tiyo na ban-ruwa ne ko'ina, wanda in rana ta buge shi ruwa ma ɗanɗanon roba yake yi, balle rake. Masu shaguna suka ce farin nan mai kauri sun daina kawowa tunda kaya suka tashi, sai dai a aika kudu, kuma ba guntu-guntu ake sayarwa ba. Na kira ɗan. Ya ce shi ba zai ƙara zuba ko sisi a ramin nan ba. Ya ce kuma in surukinsa ya ji an sayo sabo saboda shi, da wane ido zai kalle shi, matarsa kuma me za ta ji. Na ce to mu da wane baki za mu ci abinci? Ya ce, "Inna, ai shi ya sa nake cewa a sayar."

Na ce wa Malam zan je Fadikpe. Alhaji yana da hali, yana da masu kawo masa kaya daga kudu, in ya san abin da ya yi kwana kaɗan ne sabo ya iso. Malam ya ce kada in je. Na ce ban tambaye shi ba.

Na tarar da Alhaji a barandar gidansa da abokansa, duk mutanen Bida, suna cin gyaɗa. Yana hango ni ya fara. Shi Hausarsa mace da namiji duk kai ne.

"Baiwar gidanmu, kai ka kawo gaisuwa? Ina bawan, ya gudu ne?"

Na gaishe su, na zauna a tabarma. Na ce masa tiyon da ya ɗauka na abinci ne, man ya shiga jikinsa, ya ɓata mana dahuwa, ya kore mana masu saye. Na ce rake ya nuna, in ba a samu wani tiyon ba aikinmu ya tsaya. Haka na jera masa, ban lanƙwasa ko kalma ɗaya ba. Yana ji yana kaɗa kai yana murmushi, irin na wanda yake jiran inda zai rama.

Na ce, "Alhaji, yau ba wasa na zo yi ba."

Ya juya wajen abokansa ya ce, "Kun ji? Bakatsine ya ce ba wasa." Suka kwashe da dariya, ɗaya har da buga ƙafa. Wani tsoho a cikinsu ya ce ai wannan baiwar ta fi mijinta iyawa, ko fuskarta ba ta motsi. Na kwance bakin zane na fito da guntun mazarƙwailar na miƙa masa na ce ya ɗanɗana. Ya gutsura, ya tauna, ya tofar. Ya ce dama Katsinawa ba su taɓa iya girki ba, yanzu kuma sun koyi sa wa abinci mai don ya yi gudu. Dariyar ta fi ta farko. Duk abin da na ƙara faɗa sai ya zama itace a wutarsu. Na ɗaga murya, suka tafa. Na yi shiru, suka ce an ci baiwa da yaƙi. Idona ya kawo ruwa, matarsa da ta fito da kunu ta dafa kafaɗata ta ce Alhaji ya bar ni haka, dariya za ta shaƙe ni.

Hanya ɗaya ta rage da zai gane, in tashi in zage shi zagi na gaske a gaban mutanensa. In na yi haka 'yarsa ce a ɗakin ɗana, jikokina nasa ne. Na dube shi. Ba mugu ba ne. Wallahi bai san ya yi komai ba. Na sha kunun. Da zan tafi suka sa mini ƙullin shinkafa a keke, Alhaji ya biyo ni har ƙofa yana cewa in gaida bawan, in ce masa ya zo ya yi sharar gida.

Na dawo na faɗa wa Malam. Ya ce to alhamdu lillahi da ba a yi ɓatacciya ba.

Muka koma bokiti. Rake ya riga ya nuna, har ya fara fitar da kai, in aka ƙara barinsa zaƙin zai koma ƙasa. 'Yan ƙodago kuwa babu. Duk mai ƙarfi a yankin ya tafi ramin zinariya. Mutum biyu muke samu da ƙyar, su sare rake da sassafe su tara bakin inji, su karɓi nasu su wuce. Saura ni da Malam. Shi yana tura rake a inji, ruwan yana taruwa a duro, ni ina ɗiba rabin bokiti ina gangarawa. Kafin in kai ƙasa in juye in hauro, na tsaya hutawa ya fi a ƙirga. In na tsaya wajen wuta, duro ya cika ya fara zuba. In na tsaya wajen duro, wuta ta mutu. Malam ya kashe inji ya zo ya taya ni ɗauka, raken da aka sare yana kwance a rana yana bushewa. Kafin azahar ruwan da ke duro ya fara kumfa shi kaɗai, yana wari irin na gidan burkutu.

Duk da haka muka dafa. Na sa kanwa fiye da yadda nake sawa ko za ta kashe tsamin. Na kwashe kumfa har hannuna ya ƙage. Da ya yi kauri na ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi. In dahuwa ta yi, ɗigon dunƙulewa yake yi ka ɗauke shi da yatsa. Wannan sai ya baje. Muka ƙara wuta har ƙasan kaskon ya fara ƙauri. Malam ya ce a zuba a kwanoni, wata kila in ta kwana ta kama. Da safe na kifa kwano ɗaya a tafin hannu, ta zubo ta bi tsakanin yatsuna ta ɗiga ƙasa. Na kifa na biyu. Malam ya ce bari haka.

Matar kasuwa ta zo ta leƙa kwanonin. Ba ta yi ba'a ba a ranar. Ta ce Allah ya kawo mafita, ta koma keken da ya kawo ta.

Malam ya ce zafin rana ne ya ci mu, gobe mu fito da wuri mu matse kaɗan, daidai ƙarfinmu. Muka fito ana idar da sallar asuba. Ya ce ni in tsaya wajen wuta kawai, shi zai matse, shi zai ɗauko. Ya kawo na farko. Ya kawo na biyu yana haki, leɓensa ya bushe. Ina tura tuka a murhu sai na ji ƙarar bokiti yana birgima a kan duwatsu. Na ɗaga kai na gan shi zaune a tsakiyar gangaren, ƙafa ɗaya a miƙe, rigarsa sharkaf da ruwan rake.

Na hau na same shi. Na tattaɓa ƙafar, ba karaya, gwiwa ce ta goge. Na ce ya tashi. Ya ce bari tukuna. Ƙudan zuma suka fara taruwa a rigarsa, bai kore su ba, ni na cire mayafi ina kaɗa musu. Inji yana can sama yana ta juyi ba komai a bakinsa. Muka daɗe a haka. Wutar murhu ta cinye abin da na sa mata ta lafa, ina kallonta daga inda nake.

Ya ce, "Kin zo da wayarki?"

Na ce tana ƙugu.

Ya ce, "Kira shi."

Na ce ya bari mu je gida ya huta, magana ba a rana ba. Na ce zan koma Fadikpe in zagi Alhaji zagin gaske, abin da zai faru ya faru. Ya ce in kira shi kawai. Na kira. Bugu ɗaya ɗan ya ɗauka.

Bai kai mako ba suka zo da mai sayen, wani mai ƙaton ciki da mutanensa masu igiyar awo. Malam ya zaga da su iyaka yana ɗingishi, yana nuna musu da sanda. Mutumin ya ce yana so a share masa wurin kafin wata ya mutu, za a fara zuba yashi. Fiye da rabin raken yana tsaye. Na nemi masu sarin rake na bakin tasha, suka zo suka duba suka ce ba sa so. Raken mazarƙwaila siriri ne mai tauri, ba wanda zai saya ya sha, haƙori yake karyawa.

Wani Bafulatani da yake shayar da shanunsa a rafin ya ji ana maganar, ya matso ya gaida Malam, ya tambaya ko nawa za a bar masa raken. Malam ya ce ba nawa. Ya ce da ni in je in buɗe shingen ta wajen rafi. Na je na janye ƙayar, shanun suka shiga.